Maƙera, Mayen Ƙarfe, da Uzurin Rashin Ɗakin Gwaji

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu ta ƙungiyar ɗalibai, domin in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda ɗaliban kimiyya suka zauna, ko a gindin darbejiya ko a bakin ɗakin lacca, da wuya su watse ba a ji wani ya ce, "Ai mu ba fiziks muke karantawa ba, labarinsa muke ji, tun da ba mu da kayan gwaji." Ni kaina na sha faɗin haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma da na zauna na yi wa kaina hisabi sai na ga mun mayar da wannan kuka bargon rufe kasala. Akwai wani babban reshe na fiziks na zamani wanda aka gina mafi yawansa da alli da allo da takarda, alhali kuwa da yawa daga cikinmu za mu karɓi digiri mu fita ba mu taɓa jin ko sunansa ba. Ra'ayina shi ne lalle a koyar da shi tun a digirin farko, kuma rashin ɗakin gwaji ba hujja ba ce a kansa. Domin maganar ta fito fili, bari in fara daga maƙera.

A wani hutu da na je gida Tsafe, na ciro maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, daga cikin tsohuwar sifikar rediyo, na nufi maƙerar wani dattijo abokin mahaifina. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ina so ka gasa mini wannan guntun ƙarfe har ya yi ja." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, mi kaka nema ga ƙarhe?" Duk da haka ya sa yaronsa ya kama zugazugi. Kafin a sa ƙarfen a wuta na nuna musu yadda mayen ke cafke shi. Da ya yi jajawur, dattijon ya ciro shi da awartaki, na kusanto da mayen, sai ga shi ko gezau, kamar na miƙa wa itace. Muka tsaya muna kallo, jan yana dushewa, can sai muka ji ƙas, ƙarfen ya manne. Dattijon ya yi salati, ya ce a sake. Sau uku muka yi.

Abin da muka gani ɗin nan wani Bafaranshe mai suna Pierre Curie ya auna shi a 1895. Ƙarfe yana rabuwa da wannan hali nasa idan zafinsa ya wuce digiri 770 a ma'aunin Salsiyas. Dalili kuwa shi ne kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tamkar 'yar allurar kamfas ce, kuma kowace tana son ta fuskanci inda maƙwabtanta suka fuskanta, zafi kuma yana girgiza su yana warwatsa su. A ƙasa da 770 haɗin kai ke rinjaye, a sama da shi yamutsi ke rinjaye. Wurin da aka yi kunnen doki shi zan kira gaɓar rikiɗa a cikin wannan rubutu.

To, ba ƙarfe kaɗai ke da irin wannan gaɓa ba. Kowa ya san ruwa yana tafasa ya zama tururi, kuma ido yana rarrabe su. Amma idan aka kulle ruwa cikin tukunyar da ba ta fashewa, aka yi ta ƙara wuta har zafi ya kai digiri 374, matsi kuma ya ninka na iskar da muke shaƙa wajen sau 218, sai bambancin ruwa da tururi ya ɓace ƙurmus, babu sama babu ƙasa. Cagniard de la Tour ya fara lura da irin wannan a 1822, Thomas Andrews kuma ya bi diddiginsa a 1869 da iskar kabon dayoksaid, wadda gaɓarta ke wajen digiri 31, zafin da bai kai na azahar ɗin Gusau a watan Afrilu ba. Wani abin mamaki kuma, dab da gaɓar, abin da yake garai-garai sai ya yi fari kamar an zuba masa nono.

Masana suka tambayi kansu, da wane irin sauri ne bambancin yake dushewa yayin da ake matsowa kusa da gaɓar? Amsar lamba ce guda, suna yi mata laƙabi da harafin Girkanci, beta. Idan beta rabi ce, ma'anarta in ka rage tazararka da gaɓar sau 4, ƙarfin maganaɗisun zai ragu zuwa rabi. Idan sulusi ce, sai ka rage tazarar sau 8 kafin ya ragu haka. Manyan malamai, tun daga van der Waals a 1873, da Pierre Weiss a 1907, har zuwa Lev Landau na Rasha a 1937, duk lissafinsu rabi ya bayar. Dabararsu ɗaya ce a asali, watau tun da ba za a iya bin kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya ba, sai a ɗauka kowace tana jin matsakaicin tasirin sauran duka. Dabara ce mai kyau, kuma har gobe tana aiki a wurare da yawa.

Sai dai fa gwaji ya ƙi yarda. A 1945 Edward Guggenheim ya tattara awon abubuwa takwas dabam-dabam, ciki har da oksijin da naitirojin da mitan, ya ga duk sun hau layi ɗaya, kuma lambar da suka bayar kusan sulusi ce. Shekara guda kafin nan, a 1944, Lars Onsager ya warware lissafin wani maganaɗisu na kan takarda mai shimfiɗe kamar tabarma, wanda ake kira samfurin Ising, ba tare da kintace ko kaɗan ba. Daga wannan aiki beta ta fito ɗaya bisa takwas, kamar yadda C. N. Yang ya tabbatar a 1952. Ke nan ga matsala biyu a gaban masana. Me ya sa dabarar matsakaici ta faɗi? Kuma me ya haɗa oksijin da mitan, har ma da wasu nau'o'in maganaɗisu, waɗanda ƙwayoyinsu ba su yi kama ko kusa ba, da za su ba da lamba ɗaya?

Amsar ta farko tana cikin farin nan mai kama da nono. A gaɓar rikiɗa, abin yana rarrabuwa ne gungu-gungu, wani gungu mai kauri wani maras kauri, kuma babu girman da ya fi wani yawa. Akwai ƙanana, akwai manya har waɗanda suka isa su warwatsa haske, cikin kowane babba akwai ƙanana masu saɓa masa, cikin waɗannan ma akwai wasu. Wanda ya ce zai ɗauki matsakaici a nan ya yi kamar mutumin da aka tambaya zurfin gulbin Sakkwato a Bunguɗu cikin watan Agusta, ya ce ai a matsakaici iyakarsa gwiwa. Mai tsallakawa bai damu da matsakaici ba, ramin da ke tsakiya ne zai ci shi.

Shekara ashirin da wani abu ana wannan dambarwa. A 1965 Benjamin Widom na Jami'ar Cornell ya nuna cewa lambobin nan suna da dangantaka da juna ta wata ƙa'ida, amma bai iya faɗin tushenta ba. A 1966 Leo Kadanoff na Jami'ar Illinois ya kawo hoton da ya buɗe ƙofa. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen Kwatarkwashi, can cikin ƙasar Bunguɗu a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, ya riga ya ga wannan hoto da idonsa. Ni na hau ina ƙarami tare da yayyena, lokacin da hawan bai zama abin fargaba ba. A gindin dutsen kana ganin kowace karar dawa da ganyenta. Ka ɗan hau, kara ta ɓace, sai kunya-kunya. Ka ƙara hawa, sai gona-gona, wannan kore shar, waccan ta yi rawaya. A can ƙoli sai ka ga fili guda mai launi ɗaya. Kadanoff ya ce a yi wa ƙwayoyin zarra haka. A haɗa su rukuni-rukuni, kowane rukuni a ba shi murya ɗaya ta masu rinjaye, sannan a haɗa rukunan su ma, kamar dai yadda magidanta ke da mai unguwa, masu unguwanni ke da dagaci, dagatai ke da hakimi. Tambayar ita ce, yaya hoton yake sauyawa daga mataki zuwa mataki?

Kada maganar ta tsaya a misali, bari mu yi lissafin tare, domin ɗan aji biyar na sakandare ma zai iya. Mu ɗauki daji cikin hunturu, mu raba shi fegi-fegi kamar saƙar zuma, kowane fegi yana da maƙwabta shida. Wani fegin ciyawarsa ta bushe, wuta za ta ci, wani kuwa an kiwace shi ko an share, wuta ba za ta bi ba. Mu ajiye batun iska a gefe. Kashi nawa cikin ɗari ne za su bushe kafin wutar da mai farautar gafiya ya cinna a wannan gefe ta ƙetare zuwa wancan? Wannan shi ne lissafin tsiyaya, wanda Broadbent da Hammersley suka tsara a 1957, kuma shi ma yana da gaɓar rikiɗa.

Sai mu haɗa fegi uku-uku masu maƙwabtaka. Idan biyu ko uku sun bushe, mu kira babban fegin busasshe, in ba haka ba mu kira shi ɗanye. Idan rabon busassu shi ne p, rabon manyan busassu zai zama 3p² − 2p³. Mu gwada. In an fara da kashi 60, mataki na gaba zai ba da 65, sai 72, sai 80, haka har ya kai ɗari. Ma'ana, daga nesa dajin duk busasshe ne, wuta za ta ƙetare. In an fara da 40, sai ya koma 35, sai 28, sai 20, har ya ƙare a sifiri, wuta za ta mutu a hanya. Amma in an fara da 50 daidai, sai 50 ta sake fitowa, komai yawan hawan da ka yi. Dajin da ke wannan matsayi kamanninsa ɗaya ne daga gindin dutse da ƙolinsa. Wannan ita ce gaɓar, kuma ga irin wannan saƙa rabi ɗin ita ce amsar gaskiya. Bugu da ƙari, in ka duba saurin da lambobin ke gudu daga 50, za ka fitar da lambar da ke faɗin yadda girman gungu ke bunƙasa, za ka sami wajen 1.35, alhali ta gaskiya 4 bisa 3 ce, watau 1.33. Ranar da na fara yin wannan lissafi a bayan takardar jarrabawa, sai da na sake shi sau biyu don ban yarda abin ya zo da arha haka ba.

Wanda ya mayar da wannan hoto cikakken makami shi ne Kenneth Wilson, shi ma na Cornell. Asalinsa masanin ƙananan ɓarɓashin zarra ne, ya yi digirin dakta a 1961 a hannun Murray Gell-Mann. A wancan fagen akwai wata dabara tun daga Stueckelberg da Petermann a 1953, da Gell-Mann da Low a 1954, mai nuna cewa ƙarfin cajin lantarki yana sauyawa gwargwadon kusancin da aka duba shi. Sunanta a bakin Turawa rinomalaizeshan guruf, suna mai nauyi kuma maras daɗi, wanda ma bai dace sosai ba, domin abin da masu lissafi ke kira guruf dole a iya komawa baya a cikinsa, nan kuwa wanda ya hau dutse ya manta da karar dawa ba zai dawo da ita ba. Ni dai dabarar sake-awo nake kiranta. A 1971 Wilson ya fitar da maƙaloli biyu da suka nuna cewa dabarar masu ɓarɓashi da rukunan Kadanoff abu ɗaya ne, ya kuma nuna yadda za a lissafa.

A nan ne amsar tambaya ta biyu ta fito. Yayin da ake hawa mataki-mataki, yawancin bayanan da suka bambanta oksijin da mitan, kamar siffar ƙwaya da nauyinta, suna ƙanƙancewa har su shuɗe. 'Yan kaɗan ne ke girma, kamar tazarar zafi daga gaɓar. Abin da ya rage yana yanke hukunci shi ne fuskoki nawa abin yake da su, shimfiɗe ne ko mai tsawo da faɗi da zurfi, sai kuma ta hanyoyi nawa allurar za ta iya juyawa. Don haka ruwa da tururi suka faɗa gida ɗaya da maganaɗisun da alluransa sama ko ƙasa kaɗai suke dubawa, beta ɗinsu wajen 0.326. Ƙarfen maƙerar Tsafe kuwa, da yake alluransa suna iya duban ko'ina, yana gidan maƙwabta, tasa lambar ta ɗan ɗara. A 1972 Wilson da Michael Fisher suka yi wata ƙiriniya ta masu ilmi. Sun lura cewa a duniya mai fuska fiye da huɗu dabarar matsakaici daidai take, sai suka fara daga huɗu suna saukowa kaɗan-kaɗan zuwa uku, har suka sa lambar 3.99 a kan maƙalar tasu. Lambobin da suka samu sun matso kusa da na gwaji ƙwarai. An ba Wilson kyautar Nobel a 1982 shi kaɗai. A ganina an rage wa Kadanoff da Fisher haƙƙi, ko da yake su ukun sun raba kyautar Wolf a 1980.

Yanzu in dawo gida. Jama'a, a cikin duk abin da na zayyana daga Onsager zuwa Wilson, ina na'urar da ta fi ƙarfin jami'o'inmu? Wilson ya yi amfani da kwamfuta, gaskiya ne, musamman a aikinsa na 1975 kan matsalar Kondo, amma wayar da ke aljihun mai karanta wannan shafi ta fi kwamfutocin wancan zamani ƙarfi nesa ba kusa ba. Samfurin Ising ana iya tsara shi a kan kowace tsohuwar laftof a ga gungu suna haɗuwa suna watsewa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, a 2022 kuma yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas. Waɗannan sun hana mu abubuwa da yawa, amma ba su hana kowa ɗaukar fensir ya ninka p sau uku ba.

Na san za a ce mini fiziks ba ya tsayuwa sai da gwaji. Na yarda ɗari bisa ɗari. Ba don awon Andrews da tattarawar Guggenheim ba, da har yau ana rantsuwa da rabin Landau. Har kumbo aka tura a 1992 ɗauke da ruwan hiliyam domin a auna ɗaya daga cikin lambobin nan inda nauyi ba zai dame shi ba. Saboda haka kukan kayan gwaji kada a daina shi, ƙungiyarmu ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da na ƙi shi ne mu zauna jiran na'ura alhali rabin aikin da ba ya bukatarta yana nan ba mu taɓa ba. Sau nawa aka koya mana dokokin zafi, aka zana mana hoton ruwa da ƙanƙara da tururi, aka nuna ɗigon da layi ya ƙare a kansa, aka ce mu haddace sunansa, aka wuce? Wani malaminmu da na tambaya me ke faruwa a wannan ɗigo, cewa ya yi ba ya cikin manhaja. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma haka aka yi masa.

Wata suka kuma ta fi wannan nauyi. Za a ce jihar da manomi ke tsoron zuwa gonarsa, matafiyi ke addu'a tun daga Gusau har ya wuce Tsafe, ina ruwanta da beta? Ba zan yi ƙaryar cewa dabarar sake-awo za ta kawo zaman lafiya ko ta sauke farashin masara ba, kuma ina ƙyamar masu ɗaukar lissafin maganaɗisu su liƙa wa al'umma kamar mutane ƙwayoyin zarra ne. Amma tun da an riga an buɗe sassan fiziks, ana biyan malamai, iyayenmu suna sayar da amfanin gona suna biya mana, to kuɗin koyar da abin da ya tsaya a 1930 da na koyar da abin da ya kai 1972 ɗaya ne. Jihar da aka ƙirƙiro a 1996, wadda ba ta sami jami'ar tarayya a Gusau ba sai 2013, ba ta da shekarun ɓatawa wajen bin sawun wasu a fagen da ke cin miliyoyin daloli. Fagen alli ne za ta iya shiga yau. Kuma fagen bai rufe ba, domin a 2010 Stanislav Smirnov, a 2022 kuma Hugo Duminil-Copin, sun sami lambar Fields, mafi girma a ilmin lissafi, a kan ayyukan da suka shafi irin tsiyayar nan da samfurin Ising.

Ga yayyenmu da suka riga mu fita suka kama aiki a ma'aikatu, musamman ta ilmi, ina da tsokaci guda. Wilson ya shiga Cornell a 1963, kuma a shekarunsa na farko abin da ya wallafa kaɗan ne ƙwarai, amma jami'ar ta tabbatar da shi a aiki ta bar shi yana tunani. Da a ƙarƙashin tsarin ƙirga takardu yake, inda ake auna malami da yawan abin da ya buga ko da ba mai karantawa, da an sallame shi kafin 1971. Ranar da fayil ɗin wani matashin malami ya zo teburinku, ko takardar neman tallafin ƙaro karatu a fannin da ba ku ga amfaninsa a kasafin bana ba, ku tuna da wannan.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Sassan fiziks su ware mako uku ko huɗu a cikin darasin lissafin zafi na shekarar ƙarshe domin gaɓar rikiɗa, a fara da Weiss, a nuna inda ya faɗi, a ƙare da rukunan Kadanoff. A yarda ɗalibi ya yi aikin kammala digirinsa a kan samfurin Ising ko lissafin tsiyaya, maimakon a yi ta maimaita awon ruwan rijiyar da aka auna bara da bara waccan. Kafin hukuma ta motsa kuwa, mu ɗalibai muna iya kafa zaman karatu na mako-mako a ƙarƙashin ƙungiya, 'yan lissafi da 'yan kemistiri su ma su zo, tun da Widom kansa a sashen kemistiri ya yi aiki. Duk mai sha'awa ya bar sunansa a ofishin ƙungiya. Zaman farko a maƙera za mu yi shi, ni zan kawo mayen ƙarfen, wani ya ɗauki nauyin gawayi.